Daga Legend zuwa Riɗin Gadarif: Wa Ke Zaɓar Waƙar da Za Ta Daɗe?

A Amurka da Ingila akwai jadawalin da ake fitarwa kowane mako, wanda ke nuna faya-fayan da suka fi ciniki. Abin da ya daɗe yana ba masu nazari mamaki shi ne yadda wasu kundayen tsofaffin waƙoƙi suka ƙi sauka daga wannan jadawali. ABBA Gold ya fito a 1992, kuma a 2021 ya cika mako 1,000 a jadawalin Ingila. Greatest Hits na ƙungiyar Queen, wanda aka fitar a 1981, shi ne kundin da ya fi kowanne ciniki a tarihin ƙasar, inda ya haura kwafi miliyan 7 a 2022. Legend na Bob Marley kuwa ya shafe sama da mako 800 a jadawalin Billboard na Amurka. Dukkansu tarin zaɓaɓɓun waƙoƙi ne, wato an tsinto fitattun waƙoƙin mawaƙi daga faya-fayai daban-daban an haɗa a wuri guda.

Dalilin daɗewarsu ba ɓoyayye ba ne. Wanda bai san mawaƙi sosai ba, kuɗin faifai ɗaya yake da niyyar kashewa, don haka sai ya sayi tarin. Daga ƙarshen 2014 kuma Billboard ya fara lissafa sauraro ta intanet, sai tsofaffin waƙoƙi suka ƙara samun kwana. Amma abin da ya fi dacewa ɗalibi ya lura da shi yana cikin tarihin Legend. An fitar da shi a 1984, shekara uku bayan rasuwar Marley, kuma kamfanin Island ya fi karkata ga waƙoƙin soyayya da na zaman lafiya domin jawo Turawa masu saye. Da yawa daga zafafan waƙoƙinsa na siyasa ba su shiga ba. Marley ɗin da akasarin duniya ta sani a yau, wanda ɗan kasuwa ya tace ne.

Mu a ƙasar Hausa ba mu taɓa samun irin wannan jadawali da za a dogara da shi ba, haka ma a Sudan. Duk da haka tacewar ta faru, ta wasu hannuwa dabam, kuma misalin da ya fi kusa da mutanen Fashaga shi ne na A'isha Musa Ahmad, wadda aka fi sani da A'isha Falatiya.

Laƙabin kansa darasi ne. “Fallata” shi ne sunan da mutanen Sudan ke kiran duk wanda asalinsa Afirka ta Yamma ne, Bahaushe ko Bafulatani ko Babarbare, kuma daga sunan da Barebari ke kiran Fulani da shi ya samo asali. Kakannin Hausawan gabashin Sudan mahajjata ne da suka yada zango a hanyar Makka, sannan yawansu ya ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka yi hijira gabas. A'isha 'yar irin waɗannan gidaje ce. An haife ta a Kasala, mahaifinta malami ne, ta kuma tashi a Umdurman. A farkon shekarun 1940 ta zama mace ta farko da ta rera waƙa a gidan rediyon Umdurman, a zamanin da ake ganin hakan abin kunya ne ga 'yar malam. Ta yi wa sojojin Sudan waƙa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ta naɗi faya-fayai a Alƙahira, ta kuma yi waƙa da Larabci da Hausa. An ƙiyasta cewa ta bar waƙoƙi sama da 150 kafin rasuwarta a 1974.

To, nawa ne daga cikinsu ke yawo a bakin jama'a yanzu? 'Yan kaɗan ne, kuma a sahun gaba akwai “Simsim al-Gadarif”, wato “Riɗin Gadarif”, wadda mawaƙa na baya suka yi ta maimaitawa. Ba abin mamaki ba ne a ce ta kama zuciyar mutanen wannan yanki, domin baƙar ƙasar Fashaga, tsakanin kogin Atbara da Setit da iyakar Habasha, riɗi da dawa take bayarwa, kuma Hausawa na cikin waɗanda suka daɗe suna noma su. Sai dai waƙar da Larabci take. Gidan rediyon da ya adana muryar A'isha na masu jin Larabci ne, kuma a shirin da masu sauraro ke aiko da buƙatunsu, abin da mafi yawa suka nema shi ake sakawa. Abin da aka saka shi ake sake nema. Da haka ɓangaren Hausa na fasaharta ya koma gefe, ba tare da wani ya zauna ya yanke hukuncin haka ba.

A Arewacin Nijeriya ma hanyar ɗaya ce. Shirin zaɓi-sonka na Rediyon Kaduna, da masu naɗar kaset a kasuwannin Kano da Katsina, su ne suka yi aikin da kamfanin Island ya yi wa Marley. Mai kaset yana da minti 60 ko 90 kacal, ba kuma zai cika su da abin da ba a tambaya ba. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi waƙoƙin da shi kansa bai san adadinsu ba, amma wanda ya tashi da kaset ko katin waya, Bakandamiya da wasu 'yan tsiraru ya fi sani. Haka abin yake ga Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos.

A ganina, a nan ne asarar mai nazarin harshe take. Waƙar da ta shahara sau da yawa ita ce wadda kowa ke ganewa ba da wahala ba. Wadda aka yi wa wani hakimi ko wani manomi a ƙauye, mai ɗauke da karin harshen Sakkwatanci ko Katsinanci, da sunayen bayin sarki da kayan noma da ba a ƙara ambata, ita ce mai kaset ya fara yarwa. Duk ɗalibin da zai rubuta kundin digiri a kan salon wani mawaƙi, ya kuma dogara ga waƙoƙi goma da ya sauke a waya, to salon zaɓin 'yan kasuwa yake nazarta. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi aiki mai yawa wajen tattara waƙoƙin makaɗan baka, kuma akwai tsofaffin naɗe-naɗe a gidajen rediyo da Jami'ar Bayero. Game da A'isha kuwa lamarin ya fi tsanani, domin ma'ajiyar muryarta tana gidan rediyon Umdurman, ginin da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ratsa ta cikinsa.