Sulusi Biyu na Jihohi 19: Yadda Kotun Ƙoli ta Fassara Dokar Zaɓe a 1979

Masu tsara doka su kan rubuta ta su tashi, su bar wa alƙali kalmomin. Ran da gardama ta taso ba a kiransu a tambaye su abin da su ke nufi, sai dai a dubi abin da suka rubuta. Saboda haka tun da daɗewa kotunan Ingila suka shimfiɗa hanyoyi uku na fassara doka, kotunan Nijeriya kuma suka gada. Ta farko ita ce bin zahirin lafazi, watau a ba kowace kalma ma'anar da aka san ta da ita, kamar yadda aka bayyana a shari'ar sarautar Sussex a 1844. Ta biyu, idan zahirin zai kai ga abin da hankali ba ya ɗauka, a karkata kaɗan don a kauce masa. Ana danganta wannan da shari'ar Grey da Pearson ta 1857. Ta uku ta girme su duka, don tun 1584 aka kafa ta a shari'ar Heydon: a nemi ɓarnar da aka yi dokar don kawar da ita, a fassara lafazin yadda zai kawar da ita. Wanda ya karanci usulul fiƙihu ba zai ji baƙunci ba, gama malamai sun daɗe suna rarrabe nassi da zahiri da tawili.

A tarihin Nijeriya da wuya a sami shari'ar da aka gwada waɗannan hanyoyi a kanta gaban idon jama'a duka kamar ta Cif Obafemi Awolowo da Alhaji Shehu Shagari a 1979.

Asalin maganar shi ne, bayan yaƙin basasa masu tsara mulki sun so kada wani ya hau shugabancin ƙasa da ƙuri'un yankinsa kaɗai. Don haka Dokar Zaɓe ta 1977, bayan gyaran da aka yi mata, ta gindaya sharuɗɗa biyu a sashe na 34A. Na ɗaya, ɗan takara ya fi kowa yawan ƙuri'u. Na biyu, ya sami aƙalla rubu'in ƙuri'un da aka jefa a kowace ɗaya daga cikin aƙalla sulusi biyu na dukan jihohin Tarayya. In ba wanda ya cika su, sai a koma zagaye na biyu, inda 'yan majalisun tarayya da na jihohi za su taru su zaɓa. Sa'ad da aka kafa kwamitin tsara tsarin mulki a Oktoba 1975 jihohi 12 ne, sulusinsu biyu kuwa 8 ne cif, ba ragowa. Amma a Fabrairu 1976 Janar Murtala Muhammed ya mai da su 19, adadin da ba ya rabuwa uku. Lafazin ya zauna yadda ya ke, ba a faɗi abin da za a yi da ragowar ba.

Aka yi zaɓe ran 11 ga Agusta 1979. Shagari na jam'iyyar NPN ya sami ƙuri'a 5,688,857, Awolowo na UPN ya bi shi da 4,916,651, sa'an nan Dokta Nnamdi Azikiwe, da Malam Aminu Kano, da Alhaji Waziri Ibrahim. Sharaɗin farko ba wanda ya yi gardamarsa. Game da na biyu, Shagari ya sami rubu'i a jihohi 12: Bauci, Bendel, Binuwai, Barno, Kuros Riba, Gongola, Kaduna, Kwara, Neja, Filato, Ribas da Sakkwato. Ta 13 ita ce Kano, inda Malam Aminu ya kwashe mafi yawan ƙuri'u. A can an jefa 1,220,763, Shagari ya sami 243,423, watau kashi 19.94 cikin 100. Bai kai rubu'i ba.

Ran 16 ga Agusta Hukumar Zaɓe ta Tarayya, wadda Cif Michael Ani ke shugabanta, ta ce Shagari ya ci. Hujjarta ita ce wadda Cif Richard Akinjide, lauyan NPN, ya riga ya kawo: sulusi biyu na 19 shi ne 12 da sulusi biyu, ba 13 ba. Ashe abin da a ke bukata a jiha ta 13 shi ne rubu'in sulusi biyu na ƙuri'unta. Sulusi biyu na ƙuri'un Kano 813,842 ne, rubu'insu kuwa bai wuce 203,461 ba, ga shi Shagari ya haura wannan da wajen 40,000. Duk mai rabon gado ya san rubu'in sulusi biyu sudusi ne. Ta haka sharaɗin rubu'i ya koma sudusi a Kano.

Awolowo ya kai ƙara kotun musamman ta zaɓe, wadda Mai Shari'a Kazeem ya shugabanta, ta kori ƙarar ran 10 ga Satumba. Ya ɗaukaka zuwa Kotun Ƙoli. Hujjarsa ita ce jiha aba ce guda, mai iyaka da gwamnati, ba a gutsura ta. Dokar kuma ta ce "kowace ɗaya", ba a kuwa cewa kowace ɗaya sai ga abin da a ke ƙirgawa ɗai-ɗai. Tun da ta ce "aƙalla", 12 sun gaza, sai 13. Magoya bayansa sun ƙara da cewa ita kanta Hukumar Zaɓe, wajen rajistar jam'iyyu, 13 ta ɗauka a matsayin sulusi biyu na jihohi.

Alƙalai bakwai suka zauna, aka yanke hukunci ran 26 ga Satumba, saura kwana biyar sojoji su miƙa mulki. Babban Jojin Nijeriya, Atanda Fatai-Williams, shi ya karanta hukuncin masu rinjaye, Irikefe da Muhammadu Bello da Idigbe da Muhammadu Lawal Uwais suka goyi bayansa. Suka ce kalmomin a sarari su ke, ba su bukatar tawili. Da masu dokar 13 su ke nufi, da sun rubuta haka. Kotu kuwa ba ta da ikon ƙara wa doka abin da ba ta faɗa ba. Mai Shari'a Obaseki ya yarda a kori ƙarar, amma ta wata hanya dabam, bai bi wannan lissafi ba. Mai Shari'a Kayode Eso kaɗai ya saɓa. A ganinsa jiha ƙasa ce mai iyaka, ba tarin takardun ƙuri'a ba, ba a kuma nuna an cika sharaɗin ba. Ran 1 ga Oktoba aka rantsar da Shagari.

Masana sun daɗe suna nuna wani rauni a lissafin. An rage ƙuri'un Kano zuwa sulusi biyu, amma aka bar na Shagari cikakku, alhali daga dukan jihar ya same su. Da an rage duka biyun, nasa sun koma 162,282, ƙasa da abin da a ke nema, gama kashi 19.94 ba ya sākewa don an raba sama da ƙasa da adadi ɗaya. Masu kare hukuncin kuma suna da tasu amsa. Sun ce in an koma ga manufar dokar, watau hanya ta uku, ba wanda ya kusanci Shagari wajen yaɗuwar goyon baya, don Awolowo a jihohi 6 kaɗai ya sami rubu'i.

Abin lura a nan shi ne, ɓangarorin biyu duk sun ce zahirin lafazi su ke bi. Masu rinjaye sun ɗora nauyi a kan "sulusi biyu", suka bar ilmin lissafi ya yi magana, kalmar "jiha" ta bi baya. Masu saɓani sun ɗora shi a kan "jiha" da "kowace ɗaya", suka tilasta wa lissafi ya cika adadi. Ka'idar bin zahiri ba ta faɗi kalmar da za a fara dubawa ba in kalmomi biyu na jimla ɗaya suka ja wa juna. Wannan zaɓi yana hannun alƙali, ko da ya ce bai zaɓi kome ba.

Ƙarin jihohi ya binne gardamar na wani lokaci, don 21 na 1987, da 30 na 1991, da 36 na 1996 duk suna rabuwa uku. Amma sashe na 134 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauko lafazin nan ya ƙara masa "da Babban Birnin Tarayya, Abuja". Bayan zaɓen 2023, wanda Bola Tinubu bai sami rubu'i a Abuja ba, sai gardama ta koma kan ƙaramar kalmar nan "da": shin Abuja sharaɗi ce mai zaman kanta, ko ana lissafa ta ne tare da jihohi? Ran 26 ga Oktoba 2023 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa Abuja ba ta da wani fifiko, kamar jiha ta 37 ta ke. A wannan karo ɗan takarar ya wuce adadin da nisa, don haka ba a bukaci awon ragowa ba. Sai dai sulusi biyu na 37 shi ne 24 da sulusi biyu, adadin da shi ma ba ya cika.