Ɗalibi da littattafai uku: tarihin launin fata a filin zari-rugar Amurka

Wasan da Amurkawa suka fi ƙauna ba shi ne ƙwallon ƙafar da sauran duniya ta sani ba. Nasu ɗan'uwan zari-ruga ne: mutum goma sha ɗaya a kowane ɓangare, ƙwallo mai siffar ƙwai, kwalkwali a ka, kafaɗu cike da matashi, ana ture juna ana kayarwa har a kai ƙwallo ƙarshen fili. Abin da ya fi dacewa malami ya lura da shi shi ne cewa a makaranta aka haifi wannan wasa. Karawar da ake ɗauka ta farko an yi ta ne ranar 6 ga Nuwamba 1869 tsakanin jami'o'in Rutgers da Princeton, kuma hanyar zama ƙwararre ta kan bi ne ta lise, sa'an nan jami'a. Don haka tambayar wa aka bari ya shiga fili ba ta taɓa rabuwa da tambayar wa aka bari ya shiga aji ba.

Akwai littattafai uku da ɗalibi mai neman sanin wannan tarihi kan ci karo da su: Friday Night Lights na H. G. Bissinger, wanda ya fito a 1990, da The Blind Side na Michael Lewis, da Forty Million Dollar Slaves na William C. Rhoden, waɗanda suka fito duka biyu a 2006. Galibi ta na Lewis ake farawa, domin fim ɗin da aka yi da shi a 2009 ya zagaya duniya.

Labarin Michael Oher ne, yaro baƙar fata daga unguwannin talakawa na birnin Memphis, wanda ya taso ba tsayayyen gida, har wani iyali na farar fata masu hali, iyalin Tuohy, suka ɗauke shi, suka sama masa malamar gida, ya shiga jami'ar Mississippi, ya kuma zama ƙwararre a Baltimore a 2009. Ɗalibi kan rufe littafin zuciyarsa fari ƙal, ya ce ai ga alheri ya rinjayi wariya. Amma in ya sake dubawa, zai ga Lewis da kansa ya ajiye wata amsar dabam a cikin shafukan. Rabin littafin ba kan tausayi yake magana ba, kan kasuwa ne. Tun daga shekarun 1980, musamman bayan da Lawrence Taylor ya karya ƙafar Joe Theismann a idon masu kallon talabijin a 1985, ƙungiyoyi suka shiga neman ƙato mai sauri da zai tsare bayan madugun hari, wato ɗan wasan da ke jefa ƙwallo yana tsara dabara, ta gefen da ba ya gani. Oher yana da wannan jiki. To, yaron da ba shi da shi fa, wa zai ɗauke shi? Littafin bai tsaya a kan wannan ba. Oher kuwa ya nuna tun 2011, a nasa littafin, cewa bai ji daɗin yadda aka zana shi kamar wanda bai san wasan ba sai da aka koya masa. A Agusta 2023 ya shigar da ƙara a jihar Tennessee, yana cewa takardar da ya sa wa hannu a 2004 ba ta ɗaukar ɗa ba ce kamar yadda ya zata, ta riƙon al'amuransa ce. Iyalin sun musanta cewa sun ci da guminsa. Alƙaliya ta soke riƙon a Satumbar shekarar.

Ba a fahimtar wannan rikici sai an koma baya, domin ƙofar da ake yabon an buɗe wa Oher an sha buɗe ta ana rufewa. Lokacin da aka kafa gasar ƙwararru a 1920, wadda ta zama NFL, akwai baƙar fata a ciki. Fritz Pollard, wanda ya yi suna a jami'ar Brown, ya ci gasar farko da ƙungiyar Akron, a 1921 kuma ya zama ɗaya daga masu horas da ita. Paul Robeson, wanda duniya ta sani daga baya a matsayin mawaƙi kuma ɗan gwagwarmaya, ya yi wasa tare da shi a wannan shekara. Sai dai shiga fili a wancan zamani ba ƙaramar kasada ba ce. A Oktoba 1923 Jack Trice, ɗalibin Iowa State ɗan shekara 21, ya rasu kwana biyu bayan an tattake shi a karawa da Minnesota. Ana ta gardama ko da gangan ne. Abin da ba a gardama a kai shi ne cewa ɗaliban jami'ar ne suka yi ta matsa lamba shekara da shekaru har aka sa wa filin wasanta sunansa a 1997.

Daga ƙarshen kakar 1933 zuwa 1946 babu baƙar fata ko ɗaya a NFL. Ba a rubuta doka ba, ba a yi shela ba, masu ƙungiyoyi dai suka daina ɗauka, kowa ya yi gum. Zamanin karayar tattalin arziki ne, aiki ya yi ƙaranci, kuma masana tarihi da dama suna nuna yatsa ga George Preston Marshall, mai ƙungiyar da ta koma birnin Washington a 1937, wanda ya ɗora kasuwarsa a kan masu sauraron rediyo na jihohin kudu. Irin wannan wariya marar takarda ta fi wuyar yaƙa, domin babu abin da za a kai gaban alƙali.

Yadda aka karya ta kuwa abin nazari ne. A 1946 ƙungiyar Rams ta tashi daga Cleveland zuwa Los Angeles, tana son yin wasa a babban filin Coliseum, wanda mallakar jama'a ne. Ƴan jarida baƙar fata na birnin, Halley Harding a gabansu, suka tsaya gaban hukumar filin suka ce dukiyar da kowa ya biya haraji aka gina ba za a ba mai wariya hayarta ba. A Maris 1946 Rams ta ɗauki Kenny Washington, daga baya Woody Strode. Washington ya riga ya ci mafi kyawun shekarunsa a ƙananan gasa, gwiwoyinsa sun sha wuƙar likita. A wannan shekara dai Marion Motley da Bill Willis suka shiga Cleveland Browns a wata gasa ta dabam, shekara guda kafin Jackie Robinson, abokin wasan Washington a jami'ar UCLA, ya karya irin wannan shinge a wasan besbol.

Marshall ya ƙi, ya kafe har shekara goma sha biyar. Abin da ya tanƙwara shi ma fili ne. Sabon filin wasa na Washington an gina shi ne a kan ƙasar gwamnatin tarayya, sai Stewart Udall, ministan cikin gida na shugaba Kennedy, ya gargaɗe shi a 1961 cewa ko ya ɗauki baƙar fata ko ya nemi wani wurin. A wannan shekara ƙungiyarsa wasa ɗaya tak ta ci cikin goma sha huɗu. Sai ya zaɓi Ernie Davis, baƙar fata na farko da ya ci kyautar Heisman ta gwarzon jami'o'i, ya yi musayarsa da Bobby Mitchell na Cleveland. Mitchell ya fi kowa cafke ƙwallo a gasar 1962. Davis kuwa bai taɓa buga wasan ƙwararru ba, sankarar jini ta kashe shi a 1963 yana da shekara 23. Sau biyu ke nan ba taushin zuciya ne ya buɗe ƙofa ba, hakkin mai biyan haraji ne da tsoron asara.

Littafin Bissinger shi ne ya fi shafar malamai, kuma shi ne ya fi tayar wa ɗalibi da hankali, domin ƴan lise ne irinsa a ciki. Marubucin ɗan jarida ne daga Philadelphia. Ya kwashe iyalinsa ya zauna a Odessa, garin man fetur a yammacin Texas, ya bi ƙungiyar lise ta Permian duk kakar 1988. Kotun ƙolin Amurka ta haramta raba makarantu bisa launin fata tun 1954, amma Odessa ba ta haɗe nata da gaske ba sai 1982, bisa umarnin kotun tarayya. Aka rufe Ector a matsayin lise, ita ce ta unguwar baƙar fata da ƴan asalin Meziko, aka raba yaran. Bissinger ya nuna cewa wajen shata iyakokin sababbin makarantu an yi la'akari da inda ƙarfafan ƴan wasa za su faɗa. A garin da mutum kusan dubu ashirin ke cika fili daren Juma'a, ya tarar kuɗin da aka kashe wa kayan jinyar ƴan wasa ya zarce na kayan koyarwa na sashen Ingilishi. Malamin harshe ba ya buƙatar a fassara masa ma'anar wannan.

A tsakiyar littafin akwai Boobie Miles, yaro baƙar fata da kawunsa ya rena, wanda manyan jami'o'i ke ta aiko wa wasiƙu alhali karatu na ba shi wuya. Gwiwarsa ta lalace a wasan gwaji kafin a fara kaka. Cikin makonni kaɗan bakin da ke yi masa kirari ya koma zagi, har da kalmomin ƙasƙanci da marubucin ya ji da kunnensa ya rubuta. Ɗalibi kan fusata a nan, kuma fushinsa na kan hanya. Sai dai in ya tsaya ga fushi zai rasa rabin darasin, domin littafin ya nuna ƴaƴan talakawan farar fata ma garin na matse su ya yar, a lokacin da faɗuwar farashin mai ta bar iyayensu ba abin taƙama sai ƙungiyar. Bambancin shi ne su ana ganinsu ƴaƴan gari ko sun daina wasa. Mutanen Odessa ba su yafe ba: barazana ta sa aka soke zuwan marubucin garin domin sa hannu a littafin.

Na Rhoden kuwa tun daga sunansa ɗalibi ke ja da baya. Yaya za a kira mai dala miliyan arba'in bawa? Ƙorafin yana da tushe. Kalmar bauta tana da nauyin da bai kamata a ara ta da sauƙi ba, kuma wanda zai iya ajiye aiki ya tafi gida ba bawa ba ne. Amma hujjar da ke ƙarƙashin sunan ta fi sunan ƙarfi. Rhoden, wanda ya daɗe yana rubutu a jaridar New York Times kuma ya yi wasan da kansa a jami'ar baƙar fata ta Morgan State, yana tambaya ne kan mallaka: wa ke da ƙungiya, wa ke horaswa, wa ke tsara doka. Ya tuna da mahaya dawakin sukuwa: a tseren Kentucky na farko, 1875, goma sha uku cikin mahaya goma sha biyar baƙar fata ne, Isaac Murphy ya ci tseren sau uku, amma da kuɗi ya shigo sana'ar sai aka ture su a farkon ƙarni na ashirin. Ya kuma kawo abin da ba a son ji, cewa haɗe makarantu ya zo da hasara: manyan jami'o'in kudu da suka ƙi baƙar fata har ƙarshen shekarun 1960 sun kwashe ƴan wasan, suka bar masu horaswa da jami'o'in da suka rene su, irin su Grambling, inda Eddie Robinson ya ci wasa 408 a tsawon aikinsa.

Tarihin matsayin madugu ya gaskata shi. An daɗe ana ɗaukar baƙar fata domin gudu da ƙarfi, ana kauda su daga wurin da ake cewa na tunani ne. Warren Moon sai da ya tafi Kanada ya yi shekara shida kafin NFL ta karɓe shi a 1984. Doug Williams, almajirin Robinson a Grambling, shi ne baƙar fata na farko da ya jagoranci ƙungiya a matsayin madugu ta ci Super Bowl, a Janairu 1988, da ci 42 da 10 a kan Denver. Ƙungiyar kuwa ita ce ta Washington, wadda ta zo ƙarshe wajen buɗe ƙofa. Bayan Pollard ba a sake samun babban mai horaswa baƙar fata ba sai Art Shell a 1989. A 2003 sai da aka kafa ƙa'idar Rooney, mai tilasta wa ƙungiyoyi su gana da ɗan takara daga tsiraru kafin naɗi, a gasar da fiye da rabin ƴan wasanta baƙar fata ne.

Littattafan uku duk sun riga abubuwa biyu fitowa. A 2016 Colin Kaepernick, madugun San Francisco, ya riƙa durƙusawa lokacin taken ƙasa domin nuna adawa da kisan baƙar fata a hannun ƴan sanda. Bayan wannan kaka babu ƙungiyar da ta sake sa shi wasa, ƙarar da ya shigar kuma aka sasanta ta a 2019. Na biyun bai yi amo kamar wannan ba. A shirin biyan diyya ga tsofaffin ƴan wasa da bugun kai ya lalata wa ƙwaƙwalwa, an yi amfani da ma'aunin da ke ɗauka cewa baƙar fata tun asali ƙarfin fahimtarsa bai kai na farar fata ba, don haka sai ya nuna lalacewa mai tsanani kafin a biya shi. Tsofaffin ƴan wasa biyu, Kevin Henry da Najeh Davenport, suka kai ƙara a 2020. A Yuni 2021 NFL ta yi alkawarin daina amfani da ma'aunin, a Maris 2022 kuma kotu ta amince a sake duba takardun waɗanda aka hana.