Daga Allo Zuwa Bango: Tarihin Tushen Zane a Adon Tufafi da Ɗakunan Hausawa

1.0 Gabatarwa

Duk mai sana'ar ƙawata abu, maɗinki ne ko magini ko uwargida mai jere a ɗakinta, yana da wurin da idonsa ya fara ganin siffar da hannunsa yake fitarwa. Wannan maƙala ta bi diddigin wuraren da masu adon tufafi da na ɗakuna a ƙasar Hausa suka riƙa samo zanensu tun daga ƙarni na 19 zuwa ƙarshen na 20. Babbar hujjar da aka dogara da ita ta harshe ce, wato sunayen da masu sana'a suka laƙaba wa zane-zanen. Dalili kuwa shi ne, riga takan tsufa ta yage, ginin ƙasa kuma damina takan cinye shi, amma suna yakan daɗe a bakin jama'a bayan abin da aka raɗa wa shi ya shuɗe. An kasa tushen zanen gida huɗu: makarantar allo, fatauci, muhalli, da baƙin abubuwan da zamanin Turawa ya kawo.

2.0 Makarantar Allo

Aikin babbar riga yakan bi ta hannaye da dama. Masaƙi ya saƙa ƙyallaye, maɗinki ya harhaɗa su, mai zane ya fitar da siffa a kan aljihu da wuya da baya, sa'an nan mai surfani ya bi da allura. David Heathcote, wanda ya yi bincike a kan ɗinkin Hausawa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya kuma shirya baje-kolin fasahar Hausawa a birnin Landan a 1976, ya nuna cewa da yawa daga cikin masu zanen riga malamai ne ko almajiransu. Da alƙalamin kara da tawadar da suke rubutu a allo suke zana riga.

Wannan ya sa siffofin da idon malami ya saba da su suka bayyana a jikin tufa. A kwafen Alƙur'ani rubutun hannu akan ƙawata alamomin hizbi da rubu'i da sumuni da wuraren sujada da da'irori da layuka masu sarƙaƙiya. Haka nan ɗalibin da ya sauke akan yi masa zayyana a allo. Akwai kuma hatimi, wato murabba'in da ake kasawa gida-gida a rubuta haruffa ko lambobi a ciki. Labelle Prussin, a littafinta mai suna Hatumere na 1986, ta kafa hujjar cewa irin wannan murabba'i yana daga cikin tushen adon tufafi da na gine-gine a Afirka ta Yamma. Zanen riga da ake kira gida biyar, wato murabba'ai biyar da aka jera, yana ƙarfafa wannan ra'ayi, domin kalmar "gida" ita ce dai malamai suke kiran ɓangarorin hatimi da ita.

3.0 Fatauci da Cuɗanyar Al'ummu

Tushe na biyu shi ne kasuwa. Lokacin da Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya tarar da tufafin da aka saƙa aka rina a Kano suna kaiwa har Gat da Murzuk da Tarabulus da Tambutu. Ya kuma lura da cewa ana shigo da riguna daga ƙasar Nufe. Ayarin da ya fita da baƙin Kano ba ya komowa hannu sake, kuma duk baƙuwar tufar da ta shigo kasuwar Kurmi darasi ce ga maɗinki.

Harshe ya adana wannan tarihi. Alkyabba da jabba da kufta da kaftani da zubuni duk ta hanyar Larabci suka shigo Hausa, tare da tufafin da suke nufi. Haka ma alharini, wato jan silikin da ake ƙetaro Sahara da shi, wanda ake saƙa barage da shi ko a yi wa riga shafi. Gabas ma ta ba da nata rabo, kamar yadda sunan riga 'yar Dikwa da hular zanna-bukar suke nunawa, domin Dikwa gari ne a Borno, Zanna kuwa sarauta ce ta Barebari.

Bayan jihadin 1804, masarautun Bida da Ilori sun shiga daular Sakkwato, babbar riga kuma ta zama kyautar da sarakuna suke yi wa hakimai da malamai da baƙi. Colleen Kriger, a littafinta na 2006 a kan tarihin tufafi a Afirka ta Yamma, ta nuna cewa rigar daular ba aikin al'umma guda ba ce: Nufawa da Yarbawa da Hausawa duk sun sa hannu. Saboda haka ake samun zanen aska biyu da aska takwas da tambari a rigunan da aka ɗinka a garuruwa masu nisa da juna. A saƙar Yarbawa akwai nau'o'i uku masu daraja, wato alaari da sanyan da etu. Na farko ya yi daidai da alharini, na biyu da tsamiya, wato zaren tsutsar daji mai ruwan ƙasa, na uku kuma da saƙi mai ɗigo-ɗigo. Ma'anar etu a Yarbanci ita ce zabo, wanda ya nuna cewa daga gashin tsuntsun aka ɗauko kamannin. Aron bai tsaya a Nijeriya ba, domin ɗan ciki na Hausa ya zama dansiki a Yarbanci, daga nan ya ƙetara Amurka a matsayin dashiki, rigar da baƙaƙen fata suka yi yayi a ƙarshen shekarun 1960.

4.0 Muhalli da Kayan Yau da Kullum

Tushe na uku shi ne abin da mai sana'a yake gani a gida da gona da bakin rijiya. Ko siffar baƙuwa ce, sunan da ake ba ta na gida ne. Dogayen siffofi masu tsini da suke sauka daga wuyan riga sun zama aska, da'irar da ke ƙirji da baya ta zama tambari, wato gangar sarauta, abin da ya kewaye wuya kuma ya zama linzami. Hula mai kunnuwa biyu an kira ta haɓar-kada. Dagi kuwa, wanda gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauka ya zama alamarta a zamanin Sardauna Ahmadu Bello, ƙulli ne daɗaɗɗe da ake samun irinsa har a daɓen gine-ginen Rumawa, amma Bahaushe ya kira shi da sunan tafin ƙafar kyanwa ko zaki.

Magina ma haka suka yi. Lanƙwasar da take ɗauke da rufin soro sunanta bakan gizo. Inda bakuna suka gicciya a tsakiyar ɗaki an kira shi ɗaurin guga, saboda ya yi kama da yadda ake ɗaure bakin guga da igiya. Tsinin da ake ɗorawa a kusurwar soro shi ne zanko, kamar zankon da ake bari a kai. Mafi shaharar misalin wannan fasaha shi ne Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Muhammadu Durugu, da aka fi sani da Babban Gwani, ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Ginshiƙai da bakunan cikinsa suna ɗauke da zanen da aka fitar da yatsa tun ƙasa tana ɗanya. A shekarun 1970 aka lulluɓe abin da ya rage na tsohon ginin da sabon gini na siminti, an kuma gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

5.0 Zamanin Turawa da Bayansa

A ƙarni na 20 adon bango ya yawaita a fuskar zaure, musamman a gidajen attajirai da masu sana'a a Zariya da Kano. A. H. M. Kirk-Greene a 1963, da Friedrich Schwerdtfeger a 2007, sun wallafa littattafai a kan waɗannan gidaje. A jikin bangayen ana ganin dagi da takobi, waɗanda aka saba gani a tufafi da kayan sarauta, a gefensu kuma ga keke da mota da jirgin sama da agogo. Wato magini ya ɗauki abin da ya gani a titi da tasha ya sa shi a sahun tsofaffin siffofi, maigida kuma ya sanar da jama'a irin arzikinsa ko tafiyar da ya yi, musamman aikin hajji.

A cikin gida kuwa, adon ɗaki aikin mata ne. Jeren amarya ya fara da ƙorai masu zanen wuta da faya-fayai masu launi, ya koma tasoshi, sa'an nan kwanuka masu fenti irin su kumbo da samira da fanteka, waɗanda aka fara shigowa da su daga ƙasashen waje kafin a soma ƙera su a Nijeriya. Daga baya tangaran da kayan gilashi suka shiga kabad. Kayan sun sauya sau da yawa, amma ƙa'idar jere ba ta sauya ba: babba a ƙasa, ƙarami a bisa, launi ya dace da launi, dama ta yi daidai da hagu. Wannan daidaito shi ne dai ake gani a zayyanar allo. A ƙarshen ƙarnin kuma matan birnin Zariya suka shiga aikin surfanin babbar riga, wanda a da sana'ar maza ce.

6.0 Kammalawa

Bayanan da suka gabata sun nuna cewa mai adon Bahaushe bai taɓa rufe idonsa ga baƙon abu ba. Ya ara daga littafi, ya ara daga ayari, ya ara daga titi, amma yakan raɗa wa abin aro suna da harshensa, kuma da wannan suna ne maigida yake faɗa wa mai sana'a abin da yake so, uba yake koyar da ɗansa. A yau injin surfani mai aiki da kwamfuta da hotunan da ake samu a intanet sun sauya wannan hanya, domin mai saye yakan nuna hoto a waya ba tare da ya ambaci suna ba. Siminti da fenti su ma sun ture makuba da zanen yatsa a yawancin birane.

Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun tattara sunayen tufafi da na sassan gini masu yawa, amma bayanin kalma ba ya wadatarwa in babu siffar a gefensa. Aikin da ke gaban masana harsunan Nijeriya shi ne su zauna da tsofaffin masu zane da magina da mata masu jere a Kano da Zariya da Bida da Ilori da Maiduguri, su rubuta kowane suna tare da hotonsa, su kuma kwatanta shi da takwaransa a Nufanci da Yarbanci da Barbarci da Fillanci. Mutanen da suka san bambancin aska biyu da aska takwas da hannunsu suna nan da rai, kuma a bakinsu ne kaɗai za a iya ɗaukar wannan kaso na tarihi.