Ƙera Magungunan HIV ta Hanyar Kwaikwayon Kwamfuta

Ƙera magani ta hanyar kwaikwayon kwamfuta dabara ce da masana ke zana siffar wani sashe na ƙwayar cuta a kwamfuta, su gwada sinadarai daban-daban a kansa domin gano wanda zai shige ya toshe shi, tun kafin a haɗa sinadarin a ɗakin gwaji. A yaƙi da HIV, ƙwayar da ke haddasa ƙanjamau, ɗaya daga cikin sassan da aka auna da wannan dabara shi ne furotiyas, wato sinadarin da ke yanka dogon furotin ɗin ƙwayar gunduwa-gunduwa, wanda idan aka hana shi aiki sababbin ƙwayoyi ba sa nuna balle su kama wasu ƙwayoyin jiki. Bayan an gano siffarsa a 1989, Amurka ta amince da magungunan da ke toshe shi: saquinavir a 1995, sannan ritonavir da indinavir a 1996. Babbar matsalar ita ce HIV na saurin sauya kama har magani ya daina cinta, shi ya sa aka ƙera darunavir, wanda aka amince da shi a 2006, ya riƙe ƙashin bayan furotiyas ɗin, inda sauyi ke da wuya.