Madogaran manhaja: abin da mai gina manhaja daga tushe a Sakkwato ya kamata ya sani

Madogaran manhaja su ne sauran manhajojin da wata manhaja ke jingina da su kafin ta ginu ko ta yi aiki. Wanda ya girka manhaja da umarnin apt a Ubuntu ko Debian ba ya jin nauyinsu, domin tsarin ne ke nemo su da kansa. Amma ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ya sauko da asalin rubutun manhaja domin ya gina ta a kwamfutarsa, nauyin nemo su a kansa yake.

Yadda ake gini

Galibi matakai uku ne: ./configure, sai make, sannan make install. Matakin farko shi ke bincikar kwamfuta, ya tsaya da zarar ya rasa wani madogari. Sau da yawa abin da ya ɓace shi ne ƙunshin masu gini, wanda sunansa ke ƙarewa da -dev, kamar libssl-dev. Ƙunshin build-essential na samar da kayan ginin kansu, wato gcc da make. Idan kuma manhajar na cikin rumbun Debian, umarnin apt build-dep na tattaro madogaranta gaba ɗaya, muddin an kunna layukan deb-src.

Abin lura shi ne, duk abin da make install ya zuba a /usr/local, apt ba ya sanin da zamansa, saboda haka ba zai sabunta shi ba idan aka gano ɓaraka. Dole mai gini ya rubuta abin da ya girka da lambar fitowarsa.

Tsadar data da katsewar layi

A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗi har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Tun kafin nan, a Satumbar 2021, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga. Don haka adana madogarai hikima ce. Manhajar apt-cacher-ng na bai wa kwamfutocin ɗakin gwaji guda damar cin moriyar abin da aka sauko da shi sau ɗaya, ita kuwa apt-offline ana amfani da ita ne wajen kai ƙunshi ga kwamfutar da ba ta da intanet.

Batun tsaro

A Disambar 2021 ɓarakar Log4j ta jefa ɗimbin hukumomi da kamfanoni cikin haɗari, da yawansu ba su ma san suna amfani da ita ba. A Maris ɗin 2024 injiniya Andres Freund ya gano ƙofar sirri da aka dasa a xz Utils, fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1. Ga ƙungiyoyin sa ido da ɗakunan labarai masu riƙe bayanan majiyoyi, sanin kowane madogari da inda ya fito wani ɓangare ne na kare amanar da aka damƙa musu.