Tsakar da ake saya da dala, da 'yar uwarta ta dajinmu

1/ A Kawo idan tsaka ta leƙo daga bayan labule, takalmi ake nema. A Amurka kuwa akwai wata tsaka da ake saya da dala, a saka ta a akwatin gilashi, har suna a raɗa mata. Leopard gecko suke ce mata, saboda ɗigo-ɗigon jikinta irin na damisa. Ku biyo ni, zaren zai dawo gida.

2/ Asalinta busassun duwatsun Pakistan, Afganistan, Iran da arewa maso yammacin Indiya. A 1854 Edward Blyth, Baturen da ke kula da gidan adana kayan tarihi na Asiatic Society a Kalkata, ya fara bayyana ta a rubuce. Mutanen yankin sun san abarsu tuntuni, sunan kimiyya ne kawai ya jira Bature.

3/ Ba irin ta bangonmu ba ce fa. Tana da fatar ido, tana ƙiftawa, ita kuwa ta gida da harshe take lashe idonta. Ba ta hawa gilashi. Wutsiyarta jibgegiya ce, a nan take tara kitse saboda ranar yunwa.

4/ Da farko daga daji ake kamo ta a kai Turai da Amurka. Wajen shekarun 1970 masu kiwo suka gane tana hayayyafa a ɗaki ba wahala: ƙwai biyu-biyu, sau da dama a shekara, abincinta gyare da tsutsa, tana kuma iya yin shekara 15 zuwa 20. Abin da ya fi ba ni mamaki: zafi ne ke zaɓar jinsi. Ƙwan da ya kwanta a wajen digiri 26 mata yake bayarwa, wajen 32 kuma yawanci maza.

5/ A 1996 Ron Tremper, mai kiwo a Texas, ya fitar da zabiyarta. Daga nan kasuwa ta koma ta launi. Kuɗin ya bar hannun mai kamawa a dutse, ya koma hannun wanda ya san wacce zai haɗa da wanne. Ƙasashen da suka ba duniya dabbar sai kallo.

6/ Amma son launi ya zo da nasa ciwon. Akwai wani nau'i mai ruwan lemo da fari da ake kira Lemon Frost. Wani mai kiwo, Steve Sykes, ya sayi guda biyu a kan dala 10,000, sai ya ga 'ya'yansu suna fitar da fararen ƙuraje a fata. Ya haɗa kai da masu bincike a jami'ar UCLA, a 2021 suka wallafa sakamako: sama da kashi 80 cikin 100 na irin suna kamuwa da ƙari, kuma ƙwayar gadon da ake zargi, SPINT1, tana da alaƙa da kansar fata a jikin mutum. Kyan launin da cutar tushensu ɗaya. Sykes ya daina hayayyafar su. Ni a ganina duk wanda ya ci gaba da sayar da su bayan wannan, cuta yake sayarwa da saninsa.

7/ To, mu dawo gida. Tana da 'yar uwa a Afirka ta Yamma, dangi ɗaya, ita ma mai fatar ido da kaurin wutsiya, a kimiyya Hemitheconyx caudicinctus. Tana rayuwa daga Senegal har Kamaru, Najeriya na ciki. Bafaranshe Auguste Duméril ya bayyana ta a 1851, shekara uku kafin ta Blyth ma. Da rana tana ɓoye a rami ko ƙarƙashin dutse, shi ya sa da yawanmu ba mu taɓa ganinta ba.

8/ An daɗe ana fitar da ita daga Togo, Benin da Ghana zuwa kasuwar dabbobin gida ta ƙasashen waje. Labarin ya maimaita kansa: na daji su tafi da arha, can a fitar da launuka masu tsada, a sa musu sunayen Turanci.

9/ Na san abin da za ku ce a ƙasa. Eh, akwai hadisi a Sahihu Muslim kan kashe wazag, wanda ake fassarawa da tsaka. Ko hukuncin ya haɗa da waɗannan na daji, wannan tambayar malamai ce, ni ɗalibi ne.

10/ Batun cewa tana sa kuturta kuwa, a'a. Ƙwayar cuta ce ke kawo kuturta, likitan Norway Gerhard Hansen ya gano ta tun 1873. Dafi ma ba ta da shi. Abin tsoro na gaskiya shi ne Salmonella da ke iya zama a kashinta, mai sa gudawa da zazzaɓi. Saboda haka kaka da ke cewa a rufe tukunya tana da gaskiya, dalilin ne ya bambanta.

11/ Wanda kuma bidiyon TikTok ya ruɗa yana son kiwo, ya fara lissafi: inda zai samu gyare kowane mako na shekara 15, yadda zai ɗumama ta a hunturun Kaduna idan NEPA sun ɗauke wuta, da abin da zai gaya wa Hajiya ranar da ta ɗaga murfin akwatin.