Jawabai da Rubuce-rubucen Frederick Douglass: Muhimmancin Duba Shekarar Kowace Takarda

Cikin mutanen da suka yi yaƙi da bauta a Amurka, kaɗan ne suka bar wa masu binciken tarihi takardu masu nauyi kamar Frederick Douglass. An haife shi bawa a jihar Maryland cikin shekara ta 1818, ya tsere a watan Satumba na 1838, ya rasu a 1895. Ya yi shekara fiye da 50 yana jawabi gaban jama'a, yana buga jarida, ya kuma rubuta labarin rayuwarsa har sau uku, watau a 1845, da 1855, da 1881. Tattara wannan duka bai zo da sauƙi ba, domin gidansa na Rochester ya ƙone a 1872, kundin jaridunsa ya tafi cikin gobarar. Sai tsakanin 1950 da 1955 Philip Foner ya fitad da juzu'i huɗu na rubuce-rubucensa, sa'an nan a 1979 aka soma buga wani tarin mafi cika a Jami'ar Yale, a hannun John Blassingame.

Abin da mu ke so mu jawo hankalin malamai a kai shi ne, wannan tari ba maganar rana ɗaya ba ce. Wanda ya ciro shafi guda ya ce ga ra'ayin Douglass, bai duba shekarar da aka rubuta shi ba, lalle zai koya wa almajiransa kuskure.

Mu fara da abu mai sauƙi, watau labarin tserewarsa. A littattafansa biyu na farko ya ƙi faɗin hanyar da ya bi, don kada a kama waɗanda suka taimake shi, ko a toshe wa 'yan'uwansa ƙofa. Ya dai gaya mana a Baltimore ya yi aikin toshe kafofin jiragen ruwa, yana biyan wanda ya ke hannunsa dala uku kowane mako don ya bar shi ya nemi aiki da kansa. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan, murgu ke nan. Sai a 1881, bayan bauta ta ƙare da shekara 16, ya bayyana cewa jirgin ƙasa ya shiga, saye da kayan ma'aikatan jirgin ruwa, riƙe da takardar shaidar wani ɗa da ya ara.

Maganar iyayensa ta fi wannan wuyar sha'ani. A 1845 ya ce bai ga mahaifiyarsa ba sai sau huɗu ko biyar, da dare, ya kuma ce ubansa Bature ne, har ana raɗe-raɗin ubangijinsa ne ya haife shi. A 1855 sai ga uwar ta fito sarai, doguwa, mai kwarjini, ta iya karatu, har ya kamanta fuskarta da hoton wani Fir'auna da ya gani cikin littafi. A 1881 kuwa ya ce bai san kome ba game da ubansa. Kada mai karatu ya yi gaggawar cewa ƙarya ya yi. A duba jawabin da ya yi a wata kwaleji a jihar Ohio a 1854, inda ya yi jayayya da masanan da su ke cewa baƙar fata wata halitta ce dabam, ya kafa musu hujja da Masar ta dā. Abokan gāba su kan ce fasaharsa daga jinin Bature ta ke. A ganinmu, shi ya sa shekara guda bayan wannan jawabi ya mai da asalin basirarsa ga uwarsa.

Haka kuma batun tsarin mulkin Amurka. Sa'ad da ya ke tare da William Lloyd Garrison, ra'ayinsa shi ne wannan tsari ya ɗaure wa bauta gindi, saboda haka shiga zaɓe ma haɗa kai ne da azzalumai. A 1851 ya sanar a fili ya bar wannan ra'ayi, zumuncinsa da Garrison ya lalace. Jawabinsa mafi shahara, na ran 5 ga Yuli 1852 a Rochester, inda ya tambayi abin da bikin 'yancin ƙasa ya ke nufi ga bawa, ya ƙunshi yabon tsarin nan da ya riƙa suka a dā.

Amma inda ya fi kamata a yi hattara shi ne maganar addini, gama nan ne harshensa ya fi kaifi. Ya ba da labarin ubangijinsa Thomas Auld, wanda ya tuba a wani taron wa'azi, ya komo gida ya fi dā mugunta, har ya kan ɗaure wata yarinya gurguwa ya yi mata bulala yana jawo aya daga Littafi Mai Tsarki. Ya faɗi yadda manyan ikilisiya suka zo da sanduna suka watsa makarantar Lahadi inda ya ke koya wa bayi karatu. A 1846, yana ƙasar Sikotland, ya tsananta wa wata babbar ikilisiya ta mayad da kuɗi wajen fam 3,000 da ta karɓo daga yankin masu bayi. Ba ta mayar ba. Wanda ya karanta waɗannan kaɗai zai zaci ya bar addini. Ga shi kuwa shi kansa ya yi wa'azi a ikilisiyar baƙar fata a New Bedford, kuma a ƙarshen littafin 1845 ya ƙara wani bayani musamman, inda ya raba koyarwar Almasihu da addinin masu bayi, ya ce na farko ya ke ƙauna, na biyu ya ke ƙi. Da makamin abokan gāba ya yaƙe su, domin ya san masu sauraronsa mutanen coci ne.

Shi Auld ɗin nan, Douglass ya rubuta masa wasiƙa a jarida a 1848, ya zarge shi da yasad da kakarsa tsohuwa cikin daji ta mutu ita kaɗai. A 1877 ya koma Maryland, ya iske Auld ya tsufa, yana kwance ba lafiya. Auld ya gaya masa tsohuwar ba a rabonsa ta faɗa ba sa'ad da aka raba gādo, amma da ya ji halin da ta ke ciki ya sa aka kawo ta, ya riƙe ta har ta rasu. Douglass ya ce ya yi kuskure a kan wannan, ya kuma rubuta haka cikin littafin 1881. Sauran abin da ya faɗa game da bulala da yunwa a gidan Auld kuwa, ya bar shi cikin littafin yadda ya ke.